Taswira, rubutu, bidiyo ko samfur: da wanne za ki tsara saƙar sanyin bana?

A Jos ba ma buƙatar kalanda kafin mu san lokacin saƙa ya zo. Ruwa na ɗaukewa wajen ƙarshen Oktoba, leɓe ya fara tsagewa, sai ki ga masu shayi sun ƙara benci. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa muku-mukun Disamba da Janairu yake ratsa ƙashi yadda baƙo daga Abuja ba ya yarda sai ya kwana ɗaya a Bukuru. A wannan tsakanin ne wayar duk mai riƙe kibiya ko kwarashi take fara ƙara: hular jariri, safa, suwaitar makaranta, shawul na suna.

Makon jiya 'yar maƙwabtanmu, wadda ta gama sakandare bana, ta yi sallama riƙe da leda cike da zare daga kasuwar Terminus. Ta karɓi aiki uku a lokaci guda, har da kafin alƙalami: suwaitar yaro ɗan shekara huɗu mai dagi a ƙirji, shawul na kwarashi, da rigunan filo biyu masu fure na wata amarya.

"Anti, kowa da abin da yake gaya mini. Wata ta ce in bi bidiyo kawai, wata ta ce in je shagon kwamfuta a buga mini takarda, Gwaggo kuma ta ce ita tunda take ba ta taɓa saƙa da takarda ba. Wanne zan bi?"

Na ce ta ajiye ledar ta zauna, domin aikin nan uku ba hanya ɗaya za su bi ba.

Bari in fara da hanyar Gwaggo, tunda da ita yawancinmu muka tashi. A miƙo miki hula ko rigar sanyi da aka riga aka saƙa, ki juya ta ciki da waje, ki ƙirga idanu, ki kwaikwaya. Ido nake kiran kowane maɗauki guda da ke zaune a kan kibiya. Wannan hanya ba ta cin ko sisi, ba ta neman caji, kuma tana koya wa mutum abin da takarda ba ta koyarwa, wato karanta saƙa da ido. Mai wannan ilimi tana hango kuskure tun yana layi biyu a ƙasa. Ga abin da kika saba yi kuma, kamar hula da safar jariri, babu hanyar da ta kai ta sauri.

Inda take gazawa shi ne girma da maimaici. Samfur girmansa ɗaya ne. Idan na ɗan wata shida ne aka ce ki yi wa ɗan shekara huɗu, sai ki koma kintace, kintace kuwa shi ke haifar da hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Haka idan mai samfurin ta karɓi kayanta, ilimin ya tafi da ita, sai abin da ya rage a ka. Akwai kuma tarkon da ke jiran masu ɗauko samfur daga 'yan gwanjo na Terminus ko Katako. Yawancin waɗannan suwaitoci saƙar inji ce da siririn zare, idanunsu ƙanana ne ƙwarai. Furen da ya ci ido arba'in a jikinsu, idan kika kwaikwaye shi da zarenmu mai kauri, zai cinye gaban rigar yaro gaba ɗaya ya nemi ƙari.

Bidiyo ba zan daɗe a kansa ba. Wajen koyon sabon salon ido, babu kamarsa, gani ya kori ji. A YouTube ana iya rage saurinsa zuwa rabi ki ga inda kwarashi ya shiga da inda ya fito. Amma a ɗora masa tsarin aiki gaba ɗaya, a nan nake ja da baya. Mai bidiyon da zarenta take aiki, da hannunta, a kan awon ɗanta. Za ta ce a yi sarƙa tamanin, ba za ta gaya miki dalilin tamanin ɗin ba, don haka ba ki da yadda za ki gyara idan naki zaren ya bambanta. Sannan neman layi na 23 a cikin bidiyon minti hamsin, data na zuba, wuta ta ɗauke, waya na kukan caji, aiki ne da kan sa mutum ya tsani shawul ɗin tun kafin ya kai rabi. Idan dole bidiyon za ki bi, ki zauna sau ɗaya da biro da littafi ki kwashe lambobin duka, daga nan ki kashe wayar.

Gardamar gaske tana tsakanin rubutaccen bayani da taswira.

Rubutaccen bayani shi ne wanda ke bin ki layi bayan layi da kalmomi: saƙa kaza, rage kaza, juya. Ƙarfinsa yana wajen fasali. Inda riga ke buƙatar a rage ido a hammata, a fitar da wuya, a karkata kafaɗa, kalma ta fi zane bayani. Kuma mai kyau daga ciki yakan zo da girma biyar ko shida a takarda ɗaya, lambobin a jere, sai ki zagaye na girman da kike so da jan biro tun daga farko har ƙarshe kafin ki ɗora ido ko ɗaya. Kar ki raina wannan zagayen. Tsallaka daga lambar girma ɗaya zuwa ta maƙwabcinsa a tsakiyar aiki kuskure ne da kowa ta taɓa yi.

Matsalarsa harshe ce, kuma ba wai Turanci kawai ba, Turanci iri biyu. A saƙar kwarashi, Amurka da Ingila suna amfani da suna ɗaya ga ido daban. Abin da takardar Amurka ta rubuta sc, wato gajeren ido, shi takardar Ingila ke rubutawa dc. Shi kuma dc na Amurka dogon ido ne, wanda Ingila ke rubutawa tr. Tsawon dogon ya kai kusan ninki biyu na gajeren, don haka wadda ta karanta takardar Ingila da fahimtar Amurka za ta tashi da hular da za ta rufe jariri har haɓa. Dabarar ganewa mai sauƙi ce: duk inda kika ga sc, takardar Amurka ce, domin Ingila ba ta da wannan sunan. Lambar kibiya ma haka take. Lamba 8 a Amurka milimita 5 ce, a tsohon lissafin Ingila kuwa lamba 8 milimita 4 ce. Lamba 6 kuma akasin haka. Tsofaffin kibiyoyin da muka gada a gwangwanin iyayenmu da yawansu lissafin Ingila suke ɗauke da shi. Ki manta da lamba, ki nemi milimita.

Abu na biyu, rubutu ba ya nuna miki hoton abin da kike yi. Kina bin sa ne kamar makaho da ɗan jagora. Idan aka yi kuskuren bugu a layi na 14, ba za ki sani ba sai a layi na 20, lokacin da furen ya karkace.

Taswira kuwa ita ce zanen nan mai gidan dara, ko mai alamomi, wanda ke nuna aikin kamar yadda zai fito. A saƙar kibiya kowane gida ido ɗaya ne, kowane jeri layi ɗaya. Ana fara karantawa daga ƙasa, kusurwar dama, a tafi hagu, domin haka saƙar kanta take tafiya. Layi na biyu, da yake kin juya aikin, daga hagu zuwa dama ake karanta shi. Idan kuwa a zagaye kike saƙa, kamar hula a kan kibiya mai igiya, kowane layi daga dama ake farawa. Gida fari yawanci idon gaba ne, mai ɗigo ko ɗan layi a kwance idon baya, da'ira kuma a naɗa zare a bar huda. Na ce yawanci, domin dole ki duba fassarar alamomin da ke gefen kowace taswira.

Ta kwarashi ta ma fi daɗi, don alamomin kama da idon suke yi. Ɗan ƙwai shi ne sarƙa, alamar giciye gajeren ido, harafin T mai sanda ɗaya a tsakiya dogon ido, mai sanda biyu wanda ya fi shi tsawo, baƙin ɗigo kuma idon haɗi. A nan rigimar Amurka da Ingila ta mutu, domin alamar ɗaya ce ko me aka kira ta. Masu saƙa na Japan kusan komai nasu da taswira suke fitar da shi, da alamomi na bai-ɗaya, shi ya sa mace a Anguwar Rogo da ba ta san harafin Japananci ko ɗaya ba za ta iya saƙa shawul ɗinsu tiryan-tiryan. Kuma abin da ya ci shafi uku a rubuce, taswira kan tattara shi a rabin shafi. Ki naɗe takarda ki jefa a jaka, ki ci gaba a layin asibiti ko gidan biki.

To amma taswira tana da nata ramin, kuma ni na faɗa ciki da ƙafa biyu.

Shekarun baya wata Hajiya ta ba ni aikin suwaitar jikanta, ta ce a sa dagin Arewa a ƙirji. Na ɗauko littafin lissafin ɗana mai gida-gida, na kwana ina zana dagi, gida 30 a kwance, gida 30 a tsaye. A takarda ya fito ras. Na saƙa shi ido bisa ido, ban kuskure ko ɗaya ba. Da na shimfiɗa rigar a kan gado, sai ga dagina ya baje kamar wanda aka zauna a kansa. Hajiya ta ɗaga rigar ta juya ta, ta ce, "'Yar nan, wannan dagi ne ko kwaɗo?" Kwana huɗu na aiki na warware a daren nan.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, idon saƙar kibiya faɗinsa ya fi tsayinsa. Da matsakaicin zare da kibiya mai milimita 4, abin da aka saba samu a santimita 10 shi ne ido wajen 22 a kwance, amma layi 28 zuwa 30 a tsaye. Don haka gidana 30 a kwance ya ba ni kusan santimita 13 da rabi, 30 na tsaye kuma ya tsaya a 10. Gidan littafin lissafi kowane ɓangare daidai yake, idon saƙa kuwa ba haka yake ba. Wannan ne ya sa taswirar da aka zana don ɗinkin giciye na allura ba ta zama daidai a kan suwaita, ko da kuwa ta yi kyau a Pinterest.

Maganin ba shi da wuya. Idan kina da kwamfuta, ki buɗe Excel ki musanya lambobin gwajinki, wato ɗan yankin da kika fara saƙawa don ki ƙirga ido da layi a santimita 10: in kin samu ido 22 da layi 30, ki sa faɗin kowane gida ya zama ɗigo (pixel) 30, tsayinsa 22, ki buga fanko ki yi zane da fensir. Shafin intanet na Stitch Fiddle ma an yi shi ne don zana irin waɗannan taswirori, yana buɗewa a waya. In babu ko ɗaya, rula da farar takarda sun isa, sai dai haƙuri. Ki kuma lura, idan launi biyu kike ja tare a bayan saƙa, idon kan matse ya kusa zama daidai ta kowane ɓangare, don haka da salon da za ki yi aikin za ki yi gwajin. Kuma a kayan jarirai kada zaren da ke ratsawa ta baya ya tsallake ido fiye da biyar ba a kama shi ba, ɗan yatsa yana maƙalewa a ciki.

Kwarashi ya fi sassauci a nan. Saƙar raga mai gida buɗe da gida cike, wadda ake yi wa labule da mayafin tebur, gidajenta sun kusa zama daidai, littafin lissafi yana yi mata. Sai dai gajeren ido idan ana zagayawa da shi yakan karkata gefe kaɗan-kaɗan, harafi ya fito kamar iska na kaɗa shi. Bahaguwa kuma ta kula: saƙarta daga hagu take tafiya zuwa dama, in ta bi taswira yadda kowa ke bi, fure ba zai nuna ba, amma sunan yaro zai fito a juye kamar a madubi.

Ɗaya aibin taswira shi ne ɓacewar layi. Yaro ya yi kuka, kin tashi, kin dawo, gidajen duk sun zama iri ɗaya. Ni rula nake ɗorawa a saman layin da nake ciki, ba a ƙasansa ba, domin in riƙa ganin layukan da na gama ina gwada su da abin da ke hannuna.

Na juyo kan rigunan filon amarya. A aikin allura zaɓin ya rabu gida biyu tun daga yadin. Akwai ɗinkin ƙirge, irin na giciye, da ake yi a kan yadi mai huda-huda da ake kira Aida. Wannan ba ya yiwuwa sai da taswira, kuma lissafinsa a fili yake. Yadi mai lamba 14 yana nufin gida 14 a kowane inci. Fure mai faɗin gida 140 zai ci inci 10, wato santimita 25 da ɗoriya. Wannan furen dai a kan lamba 11 zai kai wajen santimita 32, a kan lamba 18 kuma ya sauka kusa da 20. Ki ƙara aƙalla santimita 5 a kowane gefe kafin ki sa almakashi. Ana farawa daga tsakiya: ki ninka yadin gida huɗu, inda ninkin ya haɗu nan ne cibiya, taswirar ma tana da 'yan kibau a gefe da ke nuna tata cibiyar. Zaren irin wannan aiki sili shida ne a murɗe, a lamba 14 biyu ake zarewa. Launuka da lamba ake kiransu, kuma kowane kamfani da nasa lissafin: baƙi a DMC 310 ne, a Anchor 403. Idan a kasuwa ba ki samu mai lamba ba, ki je da taswirar mai launi ki gwada da ido a hasken rana, ba a ƙarƙashin ƙwan shago ba.

Ɗayan kuma shi ne surfani irin namu, wanda ake zana fure a jikin yadi a bi shi da allura. Wannan ba ya son gidan dara sam, zane yake so mai girman aikin sak. Mu ba baƙi ba ne a nan. Babbar riga mai aska biyu ko aska takwas, kafin mai ɗinki ya soka allura, sai mai zane ya fitar da askar da tambarin a jikin yadin, kuma sau da yawa mai zanen daban, mai ɗinkin daban. Masu hula ma haka. Tun ran gini ran zane, in ji masu magana. Ga rigar filo ta farin yadi, ki zana furen a takarda da baƙin alƙalami, ki manna a gilashin taga da rana, ki ɗora yadin a kai ki bi da fensir marar kauri. Biro kam a'a, in zare bai rufe shi ba ya zauna ke nan. Ga yadi mai duhu, allin tela ko siririn guntun sabulu.

Tsakanin biyun, na ƙirge ya fi cin lokaci nesa ba kusa ba, kuma yadinsa ba a ko'ina ake samu ba, amma sabuwar hannu ma tana fitar da shi tsaf muddin ta iya ƙirga. Surfani ya fi sauri da araha, sai dai yana tona asirin hannun da bai nuna ba.

Duk hanyar da kika ɗauka a saƙa, akwai aikin rabin awa da ba a tsallakewa: ɗan gwaji. Ki saƙa yanki da ya ɗan wuce santimita 10 ta kowane ɓangare, ki wanke, ki shanya a kwance, ki ɗora tef a tsakiyarsa ki ƙirga. Ga dalili. A ce takarda ta nemi ido 22 a santimita 10, ƙirjin rigar kuma santimita 60 ne, ido 132 ke nan. Idan hannunki sake ne yana ba da 20, rigar za ta fito 66. Idan mai matsewa ce ke kina ba da 24, za ta fito 55, ta ƙi shiga. Bambancin ido biyu kacal. Yawancin zaren da muke samu a nan ba a rubuta awonsa a jikin takardar ba, wani ma babu takardar, don haka gwajin ne kaɗai zai gaya miki gaskiya. In idanun sun yi yawa ki ƙara girman kibiya, in sun yi kaɗan ki rage.

Gwajin nan kuma shi zai faɗa miki yawan zaren da za ki saya. Ki ɗora yanki mai 10 bisa 10 a kan ma'aunin masu yin kek. A ce ya ba ki giram 5. Shawul mai santimita 80 bisa 100 irin wannan yanki 80 ne, giram 400 ke nan, ki ƙara curi ɗaya na gefe da na tsautsayi. Kwarashi ya fi kibiya cin zare, don haka lissafin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Kuma ki sayi zaren duka rana ɗaya daga kwali ɗaya. Ruwan hoda na wannan makon da na makon gobe sunansu ɗaya, amma a tsakiyar shawul za ki ga inda suka haɗu kamar an ja layi.

Da muka gama, ga yadda muka raba mata aikin. Suwaita: ta nemo rubutaccen bayani kyauta a Ravelry, shafin intanet na masu saƙa, mai girman ɗan shekara huɗu don jiki da hannu da wuya, dagin kuma ta zana shi da kanta a taswirar da aka daidaita da gwajinta. Shawul: taswirar alamomi, bidiyo kuma sau ɗaya don ta ga yadda ake juya kusurwa. Rigunan filo: da yake saura mako uku biki, surfani a kan zanen taga, na ƙirgen ya jira wata amaryar. Hular da za ta ɗora wa mai shawul kyauta kuwa, na ce ta je ta ari samfur wurin Gwaggo, ta zauna kusa da ita ta ƙirga, amma wannan karon ta rubuta lambobin a bayan littafinta.

Ta tashi za ta tafi, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Anti, gwajin nan dole ne? Zaren fa zai ragu."

Na ce in ta gama ƙirga ta warware shi ta mayar cikin curin. Ta dawo ta zauna, ta zaro kibiya mai milimita 4 daga ledar, ta fara ɗora ido talatin.